Sirrin Kan Sarki Yana Cikin Takardarsa: Abin Da Tsofaffin Adakokin Lafagu Da Bagudo Ke Iya Ɓoyewa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a garuruwan bakin iyaka na ƙaramar hukumar Bagudo, irin su Lolo da Tsamiya da Illo da Lafagu, ya san abin da ɗan canji ke yi idan aka miƙa masa babbar takardar naira ko ta sefa. Ba ya tsayawa kan hoton da kowa ke gani. Murza ta zai yi tsakanin yatsu ya ji kaurinta, sannan ya ɗaga ta ga hasken rana ya nemi hoton da ke ɓoye a cikinta. In ya gani ya karɓa, in bai gani ba ya mayar wa mai ita.

Wannan murzawa da ɗagawa su ne rabin ilimin masu tara kan sarki a duniya. Sai ka ga kan sarki biyu, hoto ɗaya, launi ɗaya, kuɗin da aka rubuta a jiki ɗaya, amma ɗaya bai kai kuɗin goro ba, ɗayan kuwa sai an kai shi gidan gwanjo a Landan. Sau da yawa abin da ya raba su takardar da aka buga su a kai ce kawai. Ƙasar Bagudo kuwa tana da wata sa'a da wurare da yawa ba su da ita: fiye da shekara 120 ke nan wasiƙu da rasitai na gwamnatoci biyu, masu takarda iri biyu, suna shiga gidajen mutanenta.

Iyaka ɗaya, gidan waya biyu

A ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a birnin Faris kan yarjejeniyar da ta raba ƙasar Bargu. Bussa ta faɗa hannun Ingila, Nikki ta faɗa hannun Faransa, aka kuma ce layin iyaka zai taɓa kogin Kwara mil 10 sama da tashar jiragen ruwan Illo. Daga ranar, 'yan uwa masu harshe ɗaya, Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa, suka zama talakawan Turawa biyu. Wanda ke gabas da layin kwabo da sule zai biya a gidan waya, wanda ke yamma kuwa santim da faran.

A ranar 1 ga Janairu 1900 Baturen Ingila Lugga ya karɓi mulkin Arewa daga hannun kamfanin Royal Niger, kuma a cikin wannan shekara aka fito da kan sarki na farko mai ɗauke da sunan Nijeriya ta Arewa. Iri tara ne, daga na ɗari, wato rabin kwabo, har zuwa na sule goma. Kamfanin De La Rue na Landan ne ya buga su. Abin dariya shi ne, abin da Bahaushe ya raɗa wa suna kan sarki, da kan sarauniya ya fara zuwa ƙasarsa, domin hoton Sarauniya Biktoriya ne a jiki. Ta rasu a Janairun 1901, sai a 1902 aka sake buga su da kan ɗanta, Sarki Edward na Bakwai. Na Sarki George na Biyar suka biyo baya a 1912, kuma su ne na ƙarshe, saboda a 1914 aka haɗe Arewa da Kudu, sunan Nijeriya kaɗai ya rage a jikin kan sarki. Ke nan duk rayuwar kan sarkin Arewa shekara 14 ce, amma a cikinta takardar ta sauya fiye da sau ɗaya.

Ilimin da malamanmu suka riga Bature

Kafin kan sarki ya zo, malaman ƙasar Gwandu da Sakkwato sun san takarda ciki da bai. Mafi yawan littattafan da aka kwafa da hannu a ƙarni na 19 a kan takardar Italiya aka rubuta su, wadda fatake ke ɗaukowa daga Turabulus ta hamada. In ka zaro warƙa ɗaya daga tsohuwar gafaka ka ɗaga ta ga haske, sau da yawa za ka ga jinjirin wata uku a jere, wani lokaci da haruffan AG, alamar masana'antar Andrea Galvani ta garin Pordenone. Za ka kuma ga siraran layuka sun ratsa ta kamar saƙar asabari. Masu binciken tarihi a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato da Gidan Arewa na Kaduna da irin waɗannan alamomi suke kimanta shekarun littafi.

Wannan alama ita ake kira tambarin ruwa. Tun takarda tana jiƙe, kamar kunu, ake danna mata zanen da aka ƙera da waya. Inda wayar ta taɓa sai takardar ta ɗan fi siranta, haske ya fi ratsa wurin. Ba a goge shi, ba a kuma iya ƙara shi bayan takarda ta bushe, shi ya sa gwamnatoci suka riƙe shi a matsayin garkuwa daga 'yan jabu.

Kan sarkin Arewa na 1900 da na 1902 suna da tambarin kambi guda ɗaya da haruffan CA a ƙarƙashinsa, wato alamar ofishin wakilan masarautar Ingila mai yi wa ƙasashen mulkin mallaka sayayya. Kowane kan sarki kambi ɗaya ya samu, a tsakiyarsa. Daga 1904 aka sauya: aka ƙanƙanta tambarin aka barbaza shi ko'ina a jikin takardar, ta yadda a bayan kan sarki ɗaya za ka ga gutsattsarin kambi da haruffa da yawa. A 1921 kuma, zamanin haɗaɗɗiyar Nijeriya, aka mayar da haruffan masu lanƙwasa irin na rubutun hannu. Saboda haka in kana riƙe da kan Sarki Edward na kwabo, fuskarsa ba za ta gaya maka ko bugun 1902 ne ko na 1905 ba. Bayansa ne zai faɗa.

Hanyar gani ba wuya. A kifa kan sarkin a kan baƙin faranti ko baƙin ƙyalle, a duba shi ta gefe da hasken safe. In bai fito ba, a haska shi ta baya da fitilar wayar hannu. Ƙwararru suna ɗiga wani ruwa na musamman mai saurin bushewa wanda ba ya taɓa ƙaron da ke bayan kan sarki. Fetur da kananzir ba sa maye gurbinsa, maiƙo za su bari har abada. A lura kuma da tsayuwar tambarin. Wani lokaci ma'aikacin ɗab'i kan sa takardar a juye, kambi ya fito kai ƙasa ko a kwance, kuma irin wannan kuskure shi masu tarawa ke farauta.

Babban abin nema a duk kan sarkin Arewa shi ne na fam 25, kore da ja, wanda ya fito a Afrilun 1904 a kan takarda mai barbazajjen tambari. Fam 25 kwabo 6,000 ke nan, a zamanin da kwabo ɗaya ke kai wasiƙa. Babu wasiƙar da ta ci wannan kuɗi. An yi shi ne don biyan kuɗin lasisin shigo da giya. Kaɗan ne suka rage a duniya, kuma farashin kowanne ya kai dubun-dubatar fam. Tsadar tasa ta sa dole a yi hattara, domin De La Rue da zubi ɗaya yake buga kan sarkin ƙasashe da yawa, suna da kuɗi kawai yake sauyawa. Ɗan damfara na iya kankare kuɗin wani mai araha ya buga fam 25. Tambayar farko da za a yi wa irin wannan ita ce ta takarda: in kambi ɗaya ne a bayansa, magana ta ƙare.

Takarda mai alli

Matsalar da ta dami gwamnati a wancan zamani ita ce masu wanke kan sarki. Mutum zai ɓamɓare wanda aka riga aka yi amfani da shi, ya wanke hatimin gidan waya ko sa hannun da aka yi a kansa, ya sake manna shi. Maganin da De La Rue ya kawo biyu ne. Na farko tawada mai zuba, musamman kore da shunayya, wadda ruwa na taɓa ta take dusashewa. Na biyu takarda da aka shafe fuskarta da siririn alli kafin bugu. Hoton a kan allin yake zaune, duk wanda ya yi ƙoƙarin goge hatimi sai ya haɗa da fuskar sarki.

Kan sarkin Arewa masu barbazajjen tambari da suka fito tsakanin 1905 da 1907 yawancinsu sun zo a kan takarda iri biyu, ta yau da kullum da mai alli. Littattafan farashi irin na Stanley Gibbons lamba daban suke ba kowanne, da kuɗi daban. Ba kullum mai alli ke fin tsada ba, ya danganta da wanda aka buga kaɗan a wannan darajar.

Ana rarrabe su da ido da hannu. Mai alli tana da santsi da ɗan ƙyalli in aka karkata ta ga haske, launinta ya fi kauri, layukan zanen sun fi fita tsaf. Ta yau da kullum tana da ɗan kaushi, kuma a ƙarƙashin madubin ƙara girma za ka ga zaren takarda da yadda tawada ta ɗan nashe cikinsa. Akwai tsohuwar dabara ta azurfa: in aka goga gefen zoben azurfa a kan mai alli, baƙin layi yake bari kamar na fensir, a kan ɗayar kuwa ba ya barin komai. Dabarar tana aiki, sai dai layin da ta bari aibi ne, yakan rage darajar abin da ake son tantancewa. In dole sai an gwada, a taɓa haƙori ɗaya na gefe, ko farin gefen da ya rage daga babban shafin in yana nan.

Duba bayansa

Daga 1910 aka fara buga manyan darajojin Arewa a kan rinanniyar takarda: na taro shunayya a kan rawaya, na sule baƙi a kan kore, na sule biyu da sisi a kan shuɗi. Na fam ɗaya na 1912 a kan jar takarda yake. Asali rinin yakan ratsa takardar gaba da baya, kamar yadda baba ke ratsa ƙyalle a marina.

Wajen 1913 zuwa 1914 aka samu takardar da fuskarta kawai aka rina, bayanta fari fat. Wasu daga cikin kan sarkin farko na haɗaɗɗiyar Nijeriya, irin su na taro da na kwabo huɗu da na sule, sun fito a kan irinta, masu tarawa na kiran su masu farin baya. Sai ga Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya yanke hanyar rinin Jamus da masana'antun Ingila suka dogara da shi. Kowane sabon bugu da irin takardar da aka samu aka yi shi. Shi ya sa kan Sarki George na taro kaɗai ana samun bayansa fari, ko ruwan lemon tsami, ko rawaya mai duhu, ko rawaya mai haske, na sule kuma koren bayansa kala-kala ne. Mai son rarrabe su sai ya jera su a kife a kan farar takarda, a inuwa da rana tsaka, domin hasken kwan lantarki yana ɓata launi.

Ƙetaren iyaka

Wanda kakansa ya yi fatauci zuwa Segbana ko Kandi ko Malanbil, ko ya haura Gaya ta Nijar, yana iya samun ɗaya ɓangaren labarin a adakar gidansu. Faransawa ba su cika sa tambarin ruwa a kan sarkinsu ba, don haka wanda ya ɗaga na Dahome, wato Benin ta yau, ga haske bai ga komai ba kada ya ce jabu ne. Nasu dabarun daban ne. Kan sarkin santim 15 shuɗi da aka yi wa yankin a 1893 da 1894, lokacin da ake rubuta sunan Benin a jikinsa, a kan takarda mai layukan dara aka buga shi, ƙananan murabba'ai da ake gani in an duba da kyau. Sunan Dahome ya hau kan sarki a 1899, sannan a 1913 aka fito da sanannen nan mai hoton mutum yana hawan bishiyar kwakwar manja, wanda aka yi ta bugawa har ƙarshen shekarun 1930. Bugun da ya ɗauki shekaru haka ba ya zama a kan takarda ɗaya, kuma Faransawa ma suna da tasu takarda mai alli. A Faransa kanta, ƙarancin lokacin yaƙi ya sa aka koma wata takarda mai arha, toka-toka, wadda ake buga haruffan GC a gefen shafinta.

Dahome ta samu 'yanci a ranar 1 ga Agusta 1960, ta koma Benin a ranar 30 ga Nuwamba 1975. Shekaru da yawa bayan haka, gidan wayar ƙasar ya riƙa fito da ragowar tsofaffin kan sarkin Dahome yana buga musu sabon suna da sabon kuɗi a kai. Wasu kaɗan aka yi, aka kuma cinye su a wasiƙun yau da kullum kafin masu tarawa na Turai su farga. Irin waɗannan ba sai an tono zamanin Turawa ba, suna iya kasancewa a kan ambulan da ɗan uwa ya aiko daga Paraku ko Kwatano a shekarun 1990. Da yake ƙarin rubutu yana da sauƙin ƙirƙira, wanda ke manne a ambulan ɗinsa da hatimin garin da kwanan wata shi ya fi samun yarda.

Na bayan 'yancin kai

Nijeriya ma ba ta daina sauya takarda ba. Bayan 1960 kambin Ingila ya fita, tambarin ruwa ya koma haruffan FN. Daga ƙarshen shekarun 1960 kamfanin buga kuɗi na ƙasa da ke Legas ya karɓi aikin ɗab'in. Da aka koma naira da kwabo a ranar 1 ga Janairu 1973 aka fito da sabon jeri, kuma a cikinsa akwai wanda ya shafi mutanen Kabi kai tsaye: na kwabo 30 mai hoton bikin kamun kifi na Argungu. Bugun farko na jerin ba shi da tambarin ruwa. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka sake buga wasu darajojin a kan takarda mai kalmar NIGERIA a cikinta. Wasu kuma da na'ura iri biyu aka buga su; a madubi, gefen haruffan ɗaya yana da ƙananan haƙora kamar zarto, na ɗayan a miƙe yake sumul. Waɗannan su ne kan sarkin da ke kan takardun sayen gona da rasitan haya da wasiƙun ɗaliban makarantun kwana, kuma da su ya kamata mai koyo ya fara.

Kama da wane ba ta wane

Babban abin da ke ruɗar sabon shiga a ƙasa irin tamu shi ne yanayi. Danshin damina a bakin kogi yana mayar da ƙaron bayan kan sarki ruwan ƙasa, ya ratso har fuska. Hayaƙin murhu yana mayar da farar takarda rawaya. Rana tana cinye ja, ta mayar da kore shuɗi-shuɗi. Akwai kuma ɗige-ɗigen tsatsa da naman gwari ke haifarwa, waɗanda ke yaɗuwa daga takarda zuwa takarda. Duk waɗannan lalacewa ce, kuma rage kuɗi suke yi. Rinin masana'anta shimfiɗe yake daidai daga gefe zuwa gefe, na hayaƙi da danshi kuwa dabbare-dabbare ne, ya fi duhu a bakin haƙora.

Ɓarnar hannun mutum ta fi ta yanayi. Wanda ya jiƙa kan Sarki Edward a ruwa don ya raba shi da ambulan, allin zai narke, koren ya zube, garin neman gira a rasa ido. Wanda ya manna salatif ya bar tabon da ba ya fita. Mafi muni shi ne yayin da ake yi yanzu na kai tsofaffin takardu shago a gasa su cikin leda. Takardar da aka yi wa haka ba a sake jin kaurinta, ba a ganin bayanta yadda ya kamata, ba a kuma fitar da ita ba tare da an yage ta ba. Abin da ya dace shi ne a sa kowace takarda tsakanin fararen takardu biyu masu tsabta, a ajiye a adakar ƙarfe da aka ɗora a kan wani abu mai tudu, nesa da bango saboda gara. Mutanen da suka ga ambaliyar 2020 a jihar Kebbi ba sa buƙatar a gaya musu amfanin tudu. Da hunturu a buɗe adakar ta sha iska a inuwa.

Nawa ne kuɗinsa?

Tarihi yana da labaran da ke sa mutum ya yi mafarki. A 1873 wani yaro ɗan shekara 12 ya tsinci wani ƙazamin kan sarki na santi ɗaya, bugun 1856 na ƙasar Gayana ta Ingila, a kan jar takarda mai ruwan hoda, cikin tsofaffin wasiƙun danginsa. Sule shida ya sayar da shi. A 2014 an saye shi a Niyok kan kusan dala miliyan 9.5. Shi kaɗai ne irinsa da aka sani a duniya.

Sai dai gaskiya ita ce mafi yawan tsofaffin kan sarki ba su da tsada. Na ɗari da na kwabo an buga su da yawa ainun, kuma tsufa kaɗai ba ya sa abu daraja. Ƙaranci da lafiyar takarda da shaidar ƙwararru su ke sa ta. Akwai ƙungiyar masu nazarin kan sarkin Afirka ta Yamma a Ingila, mai fitar da mujallar Cameo, akwai kuma tsohuwar ƙungiyar Landan da aka kafa a 1869, wadda kwamitinta ke duba kan sarki ya ba da takardar shaida. Duk wanda ya zo ƙauye yana rantsuwa cewa abin da ke hannunka banza ne amma yana son saye yau-yau, a ce masa ya dawo gobe.

Akwai kuma darajar da ba ta cikin littafin farashi. Ambulan mai hatimin Birnin Kebbi ko Yelwa ko Kandi, da kwanan wata da sunan wanda aka aika wa, shaida ce ta wanda ya yi hulɗa da wa, ta wace hanya, a wace shekara. Da zarar an ɓamɓare kan sarkin, shaidar ta tafi, kuɗin ma sau da yawa ya ragu. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna wurare ne da mai irin wannan gado zai iya fara neman shawara.

Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Mai karatu, in akwai adakar kaka a gidanku, a Lafagu ne ko a ƙetaren iyaka, ka buɗe ta da busasshen hannu. Kada ka ɓamɓare komai, kada ka jiƙa, kada ka kai a gasa cikin leda. Ka ɗauki hoton gaba da baya da wayarka, ka ɗaga wa haske yadda ɗan canji ke yi, sannan ka tambayi wanda ya sani kafin ka sayar.